Soson Katifa Ba Ya Maganin Ciwon Sirdi

Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, keke ya dawo da martabarsa a ƙasar Yauri. Ɗalibai a Yelwa, malaman firamare masu zuwa ƙauyukan Shanga, matasa masu ɗauko kifi daga bakin tafkin Kainji zuwa kasuwar Wara, da yawansu sun rage hawa kabu-kabu sun koma taka feda. Na yi murna da wannan. Abin da ke damuna shi ne wata al'ada da ta biyo baya: kusan duk sabon mahayi sai ka ga ya yanko soson katifa ya ɗora kan sirdi, ya naɗe da tsumma, ya ɗaure da robar tsohon tib. Wani har hawa biyu yake yi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ko da yake kunya ba ta barin a faɗa. Wanda ya fara hawan keke mazaunansa na ciwo, wani lokaci har zaman salla ya yi masa wuya. Tun da wurin ba abin ambato ba ne a gaban manya, sai yaro ya yi shiru ya nemi soso. In ciwon bai daina ba ya jingine keken a zaure, ya ce bai karɓe shi ba.

Ni a ganina soson nan ƙara ciwo yake yi. Allah ya yi wa ɗan Adam ƙasusuwa biyu a ƙasan mazaunai, su ne ke ɗaukar nauyinsa idan ya zauna. A kan sirdi mai ɗan tauri, nauyin na sauka a kansu. Da zarar an tula soso, ƙasusuwan sai su nutse, soson ya kumburo ta tsakiya ya danne matsematsi, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke. Daga nan sagewa ke farawa. Ga zafin Yauri a watan Maris da Afrilu, soso na shan gumi ya riƙe, fata ta jiƙe tana gogar tsumma, sai saɓulewa da ƙuraje, wani har maruru.

Iyayenmu da suka yi zamani da Raleigh, wanda har masana'anta ya yi a Kano, da Phoenix ɗan Sin, sun sha tafiya daga Bin Yauri zuwa Yelwa da buhun albasa a kariya ba tare da soso ba. Sirdinsu faffaɗa ne mai sifirin a ƙasa, an yi shi don mai zama a miƙe. Kekunan gwanjo masu giya da matasa ke so yanzu sirdinsu siriri ne, na mai sunkuyawa gaba, hannuwa su ɗauki wani kaso na nauyi. Wanda ya zauna ƙyam a kan siririn sirdi dole ya ji jiki. Ko dai ya sauya zama, ko ya sauya sirdi.

Gyaran da ya fi muhimmanci kuwa sifana ɗaya ke yin sa. Sabbin mahaya na sauke sirdi ƙasa sosai don ƙafa ta riƙa taɓa ƙasa, sai nauyin jiki duka ya tare a mazaunai, gwiwa ma ta sha wahala. A hau, a jingina da bango, a ɗora dunduniya kan feda tana can ƙasa. In ƙafa ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsayin ya yi. Sannan a duba kan sirdin ya kwanta daidai, kada ya ɗaga sama, kada ya nitsa.

Sauran haƙuri ne. A fara da minti 15 zuwa 20, a huta kwana ɗaya, a ƙara kaɗan-kaɗan. Yawanci cikin mako biyu jiki ya saba. A hanyar burji mai gargada, irin waɗanda ke gangarawa tungayen masunta, a riƙa ɗaga jiki a tsaya kan feda idan za a faɗa rami. A guji wandon jins mai kaurin ɗinki a tsakiya. A shafa man kaɗe inda fata ke guga kafin a fita, in an dawo a wanke da sabulu a sauya wando, kada a zauna hira da jiƙaƙƙe. Sagewar da ta ƙi tafiya bayan an sauka, ko ƙurjin da ya tara ruwa, wannan na asibiti ne, musamman ga mai ciwon sukari, kuma babu abin kunya a ciki.

Roƙona ga masu gyaran keke na Yelwa da Wara da Shanga: ku ne yaran nan ke zuwa wurinku da faci da sarƙa. Idan kun ga sirdi naɗe da soso, ku sa mai shi ya hau, ku auna masa tsayi, ku daidaita kan sirdin kafin ya tafi. Shi ba zai buɗe baki ya gaya muku abin da ke damunsa ba, sai ku fara yi masa maganar.