Hawan Ƙaho: Gwanintar Mahauta a Gaban Bajimi

Duk shekara, daga 7 zuwa 14 ga Yuli, gidajen talabijin na duniya kan nuno garin Pamplona na ƙasar Sifaniya, inda ake sako bajimai shida da ƙarfe 8 na safe, samari sanye da fararen kaya da jan ƙyalle a wuya su yi ta sheƙa gudu a gabansu cikin lunguna. Tafiyar ba ta cika kilomita guda ba, amma baƙi na biyan kuɗin jirgi daga uwa duniya don su ba ido haƙƙinsa. To, mutumin Matamaye, wanda garinsa ke kan hanyar Damagaram zuwa Daura, yana da abin da ya fi wannan a ƙasarsa. Can mutum ke gudu, sa na bin bayansa. Nan kuwa mutum ne ke tunkarar sa da ƙirjinsa, hannu babu ko tsinke. Wannan shi ne hawan ƙaho.

Wasa ne na mahauta, gadon Rundawa, kamar yadda dambe ma ya fi ƙarfi a gidajensu, kuma Sarkin Fawa ne uban taro. An fi yin sa da jajiberin Salla, lokacin da ake kawo manyan shanun yanka, haka nan a naɗin sarauta ko bikin ɗan gidan fawa. Inda ya fi yin suna a Nijar shi ne ƙofar fadar Sarkin Damagaram, a unguwar Birni, inda jama'a kan yi dafifi.

Ga yadda abin yake. Ana zaɓo sa mai faɗa, mai tozo da ƙaho, a ɗaura masa igiya a ka, wata kuma a ƙafar baya, ƙarfafan samari na riƙe da kowace. Makaɗan kalangu su tashi kiɗan fawa, maroƙa su dinga wasa ɗan wasan, suna ambaton iyaye da kakanni. Sai ya fito da warki a ƙugu, kambu a damtse, ya yi kirari, ya fara kewaya san. Mai kallo zai ɗauka rawa yake yi. Karatun dabbar yake yi: yadda kunnuwa suka miƙe, yadda yake huci yana tonon ƙasa da kofato, da ɓangaren da ya fi kai suka da shi, domin kowane sa da ƙahon da ya fi yarda da shi.

Gwanintar duka tana cikin ƙiftawar ido ɗaya. Sa ba ya suka sai ya sunkuyar da kai. Daidai lokacin da kan ya yi ƙasa, kafin ya ɗago, ɗan wasa zai faɗa tsakanin ƙahonin biyu, ƙirjinsa a kan goshin, hannuwansa sun zagaye wuyan, ƙafafunsa sun harɗe bakin. In ya yi gaggawa, ya tarar da kan a sama. In ya yi jinkiri, ya haɗu da tsini. Haɗarin ƙaho a tsininsa yake, don haka wanda ya wuce tsini ya manne da goshi ya fi wanda ya tsaya nesa kaɗan tsira. Wannan ilimi ne da zuciya ke ƙi, domin jiki cewa yake a ja da baya, gwani kuwa ya hori jikinsa ya matsa gaba.

Daga nan sai riƙo. San zai girgiza kai, ya yi sama da shi, ya yi ƙasa, ya juya hagu da dama. Gwani ba ya sandarewa, bin motsin yake yi kamar kaya a bayan raƙumi, har nauyinsa ya gajiyar da wuyan, matse hancin kuma ya rage wa dabbar numfashi. Sauka ta fi hawa wuya, kuma a nan ake gane darajar masu igiya. Su ne za su lura ya ishe shi, su fizge ƙafar baya daidai lokacin da zai saki ya fice ta gefe. Ran mutum guda yana hannun mutum goma, shi ya sa ba a ba baƙo igiya.

Mutane kan ce ai asiri ne. Layu da guraye dai suna jikin ɗan wasa, kowa na gani. Amma a dubi inda ya taso. Tun yana yaro yake koro shanu daga kara zuwa kwata, ya riƙe igiya, ya iya kayar da maraƙi, ya san bambancin halin jan sa na Bororo mai dogon ƙaho da na farin sa. Shekarun nan su ne ke hawan ƙaho, ba ƙarfin hali kaɗai ba. A Fotugal ma akwai masu irin wannan kamu, mutum takwas a jere, na gaba ya rungume kan bajimi, sauran su danne. Su ma sun gano cewa tsakanin ƙahoni ne mafaka. A fagen Sifaniya kuwa da mashi da takobi ake gamawa da san a gaban jama'a. Namu ɗan wasan ba ya zub da jinin san, sai daga baya a yanka shi yadda addini ya tanada, gari ya ci nama.

Abin da ya rage shi ne riƙon gado. Sarakunan fawa na ƙasar Kance da Damagaram su tsaya a koya wa yara a hannun manya, a gyara fage don kare 'yan kallo, a hana dukan dabba da wahalar da ita ba dalili. Matasan Matamaye masu waya a hannu kuma su je wurin tsoffin 'yan wasa, su ɗauki bayaninsu tun suna raye. Gwanintar da ta kai wannan ta cancanci a san masu ita da sunayensu.