Tankoki a Fage Guda: Nazarin Wasannin Yaƙi na Tsofaffin Kwamfutocin Gida

Wasannin yaƙin tankoki na tsofaffin kwamfutocin gida sun daɗe da barin kasuwa, amma sun cancanci irin nazarin da ake yi wa littafi ko wasan kwaikwayo. Tsarinsu ɗaya ne: fage mai iyaka, motocin yaƙi biyu ko fiye, kowace a hannun mutum guda. Hotunansu ƴan murabba'ai ne masu ƙarancin launi, saboda haka duk armashinsu ya rataya ne a kan abokin karawa, kamar yadda dara ba ta daɗi sai da gwanin da ke zaune a ɗaya gefen.

Tushen wannan salo shi ne wasan Tank na shekarar 1974, wanda ake bugawa a gidajen wasa na Amurka. A 1977 kamfanin Atari ya shigar da shi cikin gidaje da sunan Combat, a kan na'urar da ake jona wa talabijin. Ƙwaƙwalwar aikin na'urar bayit 128 ce kacal, wadda ba ta isa ta riƙe sakin layi guda na rubutu ba. Duk da haka wasan ya zo da nau'i 27, kowane zagaye minti 2 da daƙiƙa 16. A wani nau'in harsashi yana dukan bango ya dawo; a wani kuma tankar ɓoye take, sai ta yi harbi ko ta yi karo ake ganin ta. Masu ƙirar ba su sanya abokin gaba na na'ura ba. Wanda ba shi da na biyu, ba shi da wasa.

Shekaru goma bayan haka, a 1987, kamfanin MicroIllusions ya fitar da Fire Power a kan kwamfutar Amiga. An raba allo gida biyu, kowane ɗan wasa yana kallon ɓangarensa, ana kuma iya karawa daga nesa ta layin tarho. Manufa ita ce a kutsa sansanin abokin gaba, a ɗauko tutarsa, a dawo gida kafin mai ya ƙare. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, domin harbi ya zama hanya zuwa wata manufa. Sai dai wasan yana da aibi. Sojojin da ke tserewa daga gine-ginen da aka rusa ana iya take su da tanka, kuma an tsara abin don ya ba da nishaɗi. A nan ƙirar ta gaza: ta mayar da ran ɗan Adam abin dariya ba tare da ta ƙara wa dabarar wasan komai ba.

Wanda ya fi su zurfi shi ne Bolo, wanda Stuart Cheshire ya rubuta a Ingila a 1987 don kwamfutar BBC Micro, daga baya ya mayar da shi kan Macintosh, inda har mutum 16 ke iya haɗuwa a tsibiri guda. Kowace tanka tana ɗauke da ma'aikaci guda wanda ke fita ya sari itace, ya shimfiɗa hanya, ya gina katanga, ya gyara hasumiyar harbi. Idan aka kashe shi, aikin gini ya tsaya har sai an sauko da wani ta laima. Harsashi da sulke kuwa sai a tashoshin da kowa ke neman mallaka. Ƴan wasa suna ƙulla ƙawance, suna kuma iya warware shi a tsakiyar gumurzu. Ta haka mai gaggawar harbi yakan sha kashi a hannun mai haƙuri wanda ya tanadi itace, ya tsare ma'aikacinsa, ya riƙe amanar abokansa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma Bolo ya gina wannan gaskiya a cikin dokokinsa, bai bar ta ga wa'azi ba.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu sukan yi wa wasannin bidiyo hukunci guda, ko dai yabo ko tsinuwa. Waɗannan misalai uku sun nuna cewa jigo ɗaya yana iya haifar da ayyuka masu bambancin daraja. Ma'aunin da ya dace shi ne abin da dokokin wasa ke saka wa ɗan wasa a kai: saurin yatsa, ko ƙeta, ko shawara da riƙon alkawari. A yau ana buga yawancin irin waɗannan wasanni ta manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin na'urori, kuma dokokinsu ba su da yawa, ta yadda ɗalibai za su iya rubuta su a allo, su auna su ɗaya bayan ɗaya, su faɗi wace doka ce ke koyar da haɗin kai, wacce kuma aka sanya don sha'awar ɓarna kawai.