Gani Bai Kori Ji Ba

Duk ɗalibin da ya bi hanyar Tsafe zuwa Gusau da kyamara, hoto ɗaya yake kawo mana: Dutsen Kwatarkwashi, shi kuma a gindinsa yana murmushi. Dutse kam ya yi kyau, amma ina tarihi? Ga tsohuwar 'Yandoto kusa da Tsafe, garin malamai da Muhammadu Bello ya ci da yaƙi a 1806, ba mai tsayawa, don kufai ba ya ɗaukar ido. Wanke kuwa, da yake sai an ratse, ba ta ma cikin lissafi. Hoton da ya zo ba sunan wuri, ba bayanin dattawan gari, bebe ne, kuma dattawan nan ƙarewa suke yi. A nan kam, 'yan'uwa, gani bai kori ji ba.