Sarƙar da Foucault Bai Gani Ba

A shekarar 1961 masanin Faransa Michel Foucault ya wallafa littafinsa kan tarihin hauka, inda ya kafa hujja da dokar 1656 wadda ta samar da Hôpital Général a birnin Paris. A can aka tattara mabarata da marasa aikin yi da masu taɓin hankali aka kulle. A ganinsa hukuma ce ta fara ware su daga jama'a, likitanci ya biyo baya ya raɗa wa warewar suna. Ko Philippe Pinel, da ake yaba wa kan kwance marasa lafiya daga sarƙa, bai tsira daga alƙalaminsa ba: ya ce ƙarfen kawai aka cire, ɗaurin na nan.

Hujjar tana da ƙarfi idan aka auna ta da Yaba, inda Turawan mulkin mallaka suka buɗe gidan tsare masu taɓin hankali a 1907. Tsarewa ce ta fi yawa a wurin, magani kaɗan. Dokar 1958 da ta gaji wannan tunani ta ci gaba da aiki a Najeriya har 2023.

Inda na rabu da shi shi ne gidan mari. Ba sarki ba ne ke kai yaro can, uwa ce da ta kwana arba'in ba ta runtsa ba, wadda ta sayar da akuyarta wajen neman magani. Littafin ya shagala da mai tsaro har ya kusa mance cewa akwai ciwo, akwai kuma masu jinya. Thomas Adeoye Lambo bai mance ba. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, ya saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya.

Haka batun yawaitar cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas na fama da ita, akasari fargaba da ciwon damuwa. Mai bin Foucault zai ce sunaye ne suka ƙaru. Da gaskiyarsa, amma rabi. Kakanninmu sun san matar da ta daina magana bayan haihuwa. Kunya suka kira abin, ko iska, suka turara mata hayaƙi.