Harshe da Zaɓin Masu Sauraro: Nazarin Wasu Fayafayen Waƙa na Shekarar 1977

1.0 Gabatarwa

Wata al'ada da ta daɗe da kafuwa a tsakanin masu sha'awar kaɗe-kaɗen zamani a Turai da Amurka ita ce a ware shekara guda, a jera fayafayen da suka fito a cikinta, sannan kowa ya faɗi gwaninsa. Jaridu da mujallu kan yi haka a ƙarshen kowace shekara, su kuwa masu sauraro sai su ci gaba da gardamar shekara da shekaru. Ɗaya daga cikin shekarun da aka fi yin irin wannan gardama a kansu ita ce 1977.

Wannan maƙala za ta dubi fayafaye biyar da ake dangantawa da shekarar: Rumours na ƙungiyar Fleetwood Mac, da Never Mind the Bollocks na Sex Pistols, da Low na David Bowie, da Exodus na Bob Marley, da kuma Zombie na Fela Anikulapo-Kuti. Manufar ita ce a nuna cewa kowane ɗayansu ya ɗauki wata matsaya game da harshen Ingilishi, kuma matsayin da yake samu a jerin gwanaye ya danganta ƙwarai da ikon da masu irin harshensa suke da shi a kan kamfanonin faifai da jaridu.

2.0 Ma'anar Faifai

Abin da ake nufi da faifai a nan shi ne babban faifan garmaho mai faɗin inci 12, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948. Yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, kuma kowane gefensa yana ɗaukar waƙa ta kimanin minti 20. Wannan iyaka ce ta haifar da zubi da tsarin faifai. Dole mawaƙi ya yi tunanin waƙar da zai buɗe da ita, da wadda zai rufe da ita, da kuma inda mai sauraro zai tashi ya juya faifan. Saboda haka a kan yi wa faifai hukunci ne a dunƙule, kamar yadda ake yi wa littafi.

3.0 Rumours: Harshen da Kowa ke Shiga

An fitar da Rumours a watan Fabrairu na 1977, bayan an ɗauki mafi yawansa a Kalifoniya a 1976. Ya yi mako 31 a saman jerin cinikin fayafaye na Amurka, ya ci lambar Grammy ta gwarzon faifai a 1978, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 40. A lokacin ɗaukarsa auren John McVie da Christine McVie yana mutuwa, soyayyar Lindsey Buckingham da Stevie Nicks ita ma tana wargajewa, ga shi kuwa dukkansu 'yan ƙungiya ɗaya ne.

Jigon faifan shi ne rabuwa, babban salonsa kuwa habaici. Marubuta uku ne suke mayar wa juna martani daga waƙa zuwa waƙa, kuma wanda ake yi wa habaicin shi ne yake kaɗa jita ko yake yin amshi. Ta fuskar harshe, waƙoƙin sun dogara ne a kan wakilan suna na mutum na ɗaya da na biyu. Da wuya a ji sunan gari ko na wani sanannen al'amari, kalmomin kuma na yau da kullum ne cikin daidaitaccen Ingilishi. Wannan ya sa kowane mai sauraro yana iya sa kansa a gurbin mai magana, shi ya sa waƙar Dreams ta sake shiga jerin ciniki a 2020, a hannun matasan da ba a haife su ba lokacin da aka yi ta. Amma inda ƙarfin faifan yake, nan ne kuma rauninsa. Wanda ya saurare shi ba zai san kome ba game da halin da duniya take ciki a 1977.

4.0 Sex Pistols: Karin Harshen Talakawan Landan

Faifan Sex Pistols ya fito a watan Oktoba, a shekarar da Sarauniyar Ingila take bikin cika shekara 25 a kan gadon sarauta. Tun kafin fitowarsa gidan rediyon BBC ya haramta sa waƙarsu mai suna God Save the Queen. Duk da haka masu sharhin da jaridar Village Voice ta Amurka ta tara ra'ayoyinsu sun zaɓi faifan a matsayin na ɗaya a shekarar.

Abin da zai fi jan hankalin manazarcin harshe shi ne lafazi. Kamar yadda Peter Trudgill ya nuna a wani nazari da ya buga a 1983, mawaƙan Ingila sun daɗe suna kwaikwayon furucin Amurkawa idan suna waƙa, sai da mawaƙan salon pank suka zo sannan aka fara jin siffofin maganar ma'aikatan Landan a fili, kamar hamza a gurbin harafin t. John Lydon, jagoran waƙa na ƙungiyar, ya ƙara wa wannan lafazi jan wasali da karkarwar harshe na izgili, har ya zama muryar kanta zambo ce tun kafin a fahimci kalmomin.

Sunan faifan ma sai da ya je kotu. A watan Nuwamba na 1977 aka gurfanar da manajan wani kantin faifai a birnin Nottingham a ƙarƙashin wata doka ta 1889 da ta hana tallar batsa, saboda ya kafe bangon faifan a tagar kantinsa. Kalmar da ake ƙara a kanta tana nufin 'ya'yan maraina, amma a bakin jama'a ana amfani da ita da ma'anar shirme. Lauya John Mortimer ya kira Farfesa James Kinsley na sashen Ingilishi na Jami'ar Nottingham, wanda ya yi wa kotu bayanin tarihin kalmar, ya nuna cewa tsohuwa ce a harshen, har an taɓa yi wa limaman coci laƙabi da ita. Kotu ta sallami wanda ake tuhuma. Darasin a nan shi ne, karin harshen da aka raina ya sami lauya da farfesa da 'yan jarida, domin masu shi suna zaune ne a cibiyar kasuwar faifai.

5.0 Low: Gudun Kalma

Bowie ya bi wata hanya dabam. Low ya fito a watan Janairu, an ɗauke shi a Faransa da Balin ta Yamma tare da Brian Eno da Tony Visconti. A gefen farko waƙoƙin gajeru ne, jimlolinsu guntu-guntu, wasu ma suna ƙarewa kamar an katse mai magana. A gefe na biyu kusan babu kalma, sai kiɗan na'ura. A waƙar Warszawa murya tana furta gaɓoɓin da ba na kowane harshe ba ne.

Da farko faifan ya raba kan masu sharhi, kamfanin RCA ma ya yi jinkirin fitar da shi. Amma a 2004 mujallar Pitchfork ta sa shi a matsayin na ɗaya a dukkan fayafayen shekarun 1970. Wannan ya nuna cewa jerin gwanayen shekara hukunci ne na 'yan baya, yana kuma sauyawa da sauyawar kunne. Ana iya kushe Low da cewa sanyinsa ya yi yawa, kuma ya fi burge mawaƙa da masu sharhi a kan sauran jama'a. Sai dai an karɓi gudun kalmar da Bowie ya yi a matsayin fasaha, alhali kuwa mawaƙin da ya yi waƙa da Yarabanci ko Lingala, wanda kalmominsa cike suke da ma'ana, su waɗannan masu sharhi ba su cika sa shi a lissafi ba a wancan zamani.

6.0 Exodus: Tsakanin Kingston da Landan

A ranar 3 ga Disamba 1976 wasu 'yan bindiga suka kai wa Bob Marley hari a gidansa da ke Kingston, suka ji masa rauni. Bayan kwana biyu ya hau dandali ya yi wasan da aka shirya, sannan ya bar Jamaika. A Landan ya ɗauki Exodus, wanda kamfanin Island ya fitar a watan Yuni na 1977. A 1999 mujallar Time ta kira shi faifan da ya fi kowane a ƙarni na 20.

Harshen faifan gauraye ne na abubuwa uku: Ingilishin Littafi Mai Tsarki na Kirista, wanda daga cikinsa aka ɗauko sunan faifan da jigon hijira, da Kiriyol na Jamaika, wanda ake jin nahawunsa ko a sunan waƙar So Much Things to Say, da kuma Ingilishin soyayya mai sauƙi. Marley ya yi amfani da gefe biyu na faifai da hikima. Gefen farko na gargaɗi ne da kukan zalunci, na biyu kuwa na soyayya da kwantar da hankali.

Yadda kasuwa ta karɓi gefen biyu abin lura ne. Lokacin da aka fitar da tarin zaɓaɓɓun waƙoƙinsa mai suna Legend a 1984, shekara uku bayan rasuwarsa, an ɗauko waƙoƙi biyar daga Exodus. Huɗu daga gefe na biyu suka fito, ɗaya tak daga gefen farko. Wato mutumin da aka harba, ya yi hijira, ya shiga gidajen Turawa ne a matsayin mai lallashi. Ana iya cewa rabin faifan ne ya sama masa kujera a jerin gwanaye.

7.0 Zombie: Faifan da ya Faɗa Tsakanin Shekaru Biyu

An fitar da Zombie a Nijeriya a 1976, a Ingila kuwa a 1977. Saboda haka wasu masu jeri suna sa shi a wannan shekara, wasu a waccan, wasu kuma ya kuɓuce musu gaba ɗaya. Tun daga nan ke nan tambaya ta taso: kalandar wace kasuwa ake bi?

Zubin faifan ya saɓa wa na sauran huɗun. Waƙar da ta ba shi suna ta zarce minti 12, kuma mintuna da dama suna wucewa ana kiɗa zalla, Tony Allen yana kan ganga, kafin a ji murya. Idan muryar ta shigo, jagora ne yake bayarwa 'yan amshi suna karɓa. Harshen kuwa Turancin buroka ne, wanda Fela ya zaɓa domin saƙonsa ya ƙetare iyakar ƙabila. Ya siffanta soja da gawar da aka tayar, wadda ba ta motsi sai da umurni, sannan ya ɗauko kalmomin fareti ya jero su cikin gaggawa har suka zama abin dariya. Wato ya yi wa soja zambo da harshen bariki, harshen da kowane kurtu yake ji ba tare da tafinta ba.

Sakamakon ya zo da sauri. A ranar 18 ga Fabrairu 1977, 'yan kwanaki bayan rufe bikin FESTAC a Legas, sojoji kimanin 1,000 suka far wa gidansa da ake kira Kalakuta, suka ƙone shi. An jefo mahaifiyarsa, Funmilayo Ransome-Kuti, daga tagar bene, ta rasu a watan Afrilu na 1978. Binciken hukuma ya ɗora laifin a kan sojan da ba a san ko wane ne ba. A cikin fayafaye biyar ɗin nan babu wanda kalmominsa suka jawo wa mai su asara irin wannan. Amma mai sauraro a Landan ko New York, wanda bai san buroka ba, bai kuma san zaman mulkin soja ba, kiɗan rawa yake ji. Sai a 2025 hukumar Grammy ta sa Zombie a cikin fayafayen da take karramawa saboda tarihinsu, a ƙarƙashin shekarar 1976.

8.0 Kammalawa

An ga yadda fayafaye biyar suka bi hanyoyi biyar game da harshe. Rumours ya share duk wata alamar wuri, Sex Pistols suka fito da karin harshen rukuninsu, Bowie ya guji kalma, Marley ya raba faifansa tsakanin masu sauraro iri biyu, Fela kuwa ya yi magana kai tsaye da waɗanda yake suka. Nisan harshen mawaƙi daga daidaitaccen Ingilishi bai isa ya bayyana matsayinsa a jeri ba, domin kuwa Sex Pistols sun yi nisa ƙwarai, suka kuma hau sama. Abin da ya raba su da Fela shi ne wurin da aka buga faifan, da waɗanda suka rubuta sharhi a kansa, da ko masu jefa ƙuri'a suna jin abin da ake faɗa.

Wannan bai rage darajar zaɓin masu sauraro ba, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma fayafayen da suke zaɓa na ƙwarai ne. Sai dai manazarcin da zai kafa hujja da irin wannan jeri ya kamata ya fara tantance su wane ne suka yi zaɓen, da harshen da suke ji, da kasuwar da aka bi kalandarta. Haka nan akwai aiki a gaban sassan harsunan Nijeriya na tattara fayafayen da aka buga a Legas da sauran birane a shekarun 1970, a tabbatar da shekarar fitowar kowane, a rubuta matanin waƙoƙinsa. Muddin ba a yi wannan ba, tarihin waƙar 1977 zai ci gaba da zama abin da kunnen Landan da New York ya ji.