Faifan garmaho ya dawo: sharhi kan masu tarawa da masu shago



Kwanakin baya wani tsohon ɗalibinmu da ke neman abinci a Amurka ya zo ganin gida. Cikin kayansa ya fito mana da abin da muka yi shekara talatin ba mu riƙe a hannu ba, wato faifan garmaho, baƙi wul, sabo fil cikin kwalinsa. Yaran makaranta suka kewaye shi, wani ma ya ce murfin tukunya ne. Sunan da ke jikin kwalin kuwa na ɗan ƙasarmu ne, Mamman Sani, wanda manyanmu suka saba jin kiɗansa a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri. Ɗalibin ya ce a can akwai mutanen da ke tara irin waɗannan fayafayai, kuma gardama ta kaure tsakaninsu kan waɗanda ake bugawa ƴan kaɗan da gangan. Muka bi maganar, muka ga akwai abin dubawa. Hukuncin kiɗa ba shi ne zancenmu na yau ba, wannan mun karanta shi a zaure tare da ku. Zancenmu na ciniki ne da adana abin da aka gada.

Ga yadda abin yake. Dogon faifan nan mai ɗaukar wajen minti 20 a kowace fuska kamfanin Columbia ne ya fito da shi a 1948. Kaset ya zo, faifan CD ya biyo baya a 1982, daga baya waya ta haɗiye su duka, har aka ɗauka garmaho ya mutu. Ashe da sauran numfashi. A 2022 an sayar da fayafayan garmaho miliyan 41 a Amurka, CD kuwa miliyan 33, kuma rabon da garmaho ya wuce CD tun 1987. Daga cikin abubuwan da suka farfaɗo da shi akwai wata rana da masu ƙananan shaguna suka ƙirƙiro, suna ce mata Record Store Day, wato ranar shagunan faifai. An fara ta ranar 19 ga Afrilu 2008, kuma galibi wata Asabar ce cikin Afrilu. Dabarar ita ce a buga wasu fayafayai ƴan ƙididdigaggu, a ce ba a samun su sai a ƙaramin shago mai zaman kansa, ba a kama wa kowa tun gaba, sai mutum ya tako da ƙafarsa. Shi ya sa ake ganin mutane cikin layi tun kafin asuba, wasu ma nan suke kwana.

Masu goyon baya suna cewa: ai ba don wannan rana ba, da manyan kantuna da cinikin intanet sun rufe shagunan unguwa. Wanda ya zo neman faifai guda yakan tafi da uku, kuma ya san hanyar shagon. Masu suka kuwa sun ce an ƙwace ranar. Manyan kamfanoni sun cika ta da tsofaffin waƙoƙin da kowa ke da su, an canza musu launi kawai. Masana'antun buga faifai ba su da yawa, saboda haka idan babba ya kama layi sai ƙarami ya jira watanni. A 2015 wasu ƙananan kamfanoni biyu a Ingila, Howling Owl da Sonic Cathedral, suka nuna fushinsu ta hanyar buga faifai kwafi 365, suka ce guda ɗaya za su riƙa fitarwa kowace rana, domin shago kullum yake buƙatar mai saye. Ga kuma ƴan kayi-nayi: mutum ya shiga layi ya sayi faifan da ko buɗe shi ba zai yi ba, kafin azahar ya ɗora shi a eBay ko Discogs da ninkin kuɗinsa. Mai shago kuwa, abin da bai saye ba ya zauna masa, don galibi ba a karɓar mayarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, mu a ganinmu duka ɓangarorin biyu sun haɗa abu biyu wuri ɗaya, alhali ba ɗaya ba ne. Akwai ƙarancin da lalura ta kawo, akwai ƙarancin da aka ƙera.

Ku duba faifan da ɗalibinmu ya kawo. Mamman Sani ya ɗauki wannan kiɗa a Yamai tun wajen 1978, aka yi kaset ƴan kaɗan, suka ɓace a hannun mutane. Sai a 2013 wani ƙaramin kamfani a birnin Portland na Amurka, Sahel Sounds, wanda Christopher Kirkley ya kafa, ya sake fitar da shi a faifai. Irin wannan kamfani idan ya buga kaɗan, aljihunsa ne ya tsaya nan, kuma bai san ko za a saya ba. Buga faifai aiki ne mai tsada: sai an fara sassaƙa sautin a jikin wani faifai mai laushi, a yi masa hatimin ƙarfe, sannan a riƙa danna narkakkiyar roba da shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya buga ɗari biyar don ƙarfinsa ke nan, babu abin zargi a kansa. Hasali ma ya fito da abin da mu masu shi muka bari ya kwanta.

Amma kamfanin da ke iya buga dubu ɗari, ya buga dubu biyu, ya yi ja da kore da shuɗi na waƙa iri ɗaya, ya ce in ba ka saya yau ba ka rasa har abada, wannan ba sauti yake sayarwa ba. Tsoron rashi yake sayarwa. Mawaƙiyar nan Billie Eilish da bakinta ta soki wannan ɗabi'a a 2024, ta ce ɓarna ce. Kuma wani bincike da kamfanin Luminate ya fitar a 2023 ya nuna rabin waɗanda suka sayi faifai a Amurka ne kawai ke da garmahon da za su saurare shi. Kun ji fa. Rabin masu saye ba su da allurar da za su ɗora a kai.

Ɗalibai za su tambaya: malam, wannan shi ne ihtikari, wato ɓoye kaya? Mu yi adalci. Malamai da yawa sun taƙaita haramcin ɓoye kaya ga abinci. Imamu Malik ya faɗaɗa shi ga duk abin da ɓoye shi ke cutar da mutanen kasuwa, har da irin su mai da ulu. Amma illar hukuncin ita ce cutar da jama'a cikin abin da suke buƙata, kuma babu wanda ya kwana da yunwa don ya rasa jan faifai. Saboda haka ba za mu ɗora wa abin sunan da ya fi shi nauyi ba. Wanda ya sayi abu ya sayar da riba, asalin cinikinsa halal ne. Inda matsala take shi ne wuri biyu. Na farko, idan aka shiga gwanjo ana ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba, sai don a ruɗi wani ya ƙara, wannan shi ne najashu, kuma haninsa yana cikin Muwaɗɗa. Na biyu, mai shago ya gindaya sharaɗi cewa kowa guda ɗaya, don kayan su isa ga masu so, sai mutum ya turo ƙannensa layi. Wannan yaudara ce ko da kuɗinsa ya biya. Shi kuma mai sayen launi biyar na abu ɗaya ya jera a kanta, ya tambayi kansa ina iyakar sha'awa take, ina almubazzaranci ya fara.

Duk da haka ba mu tare da masu cewa tara fayafayai wauta ce gaba ɗaya. Muna da dalili daga gidanmu. Shaihu Muhammadu Rif'at, makarancin Masar wanda da muryarsa aka buɗe gidan rediyon ƙasar a 1934, ciwo ya kama maƙogwaronsa a shekarunsa na ƙarshe, ya rasu a 1950. Mafi yawan abin da ya rage mana na karatunsa ba hukuma ce ta adana ba. Masoyansa ne suka riƙa ɗaukar muryarsa daga rediyo zuwa faifai a gidajensu, mafi shahara cikinsu wani attajiri, Zakariyya Basha Mahran. A lokacin wataƙila an yi musu kallon masu ɓata kuɗi. Yau duk wanda hawaye ya zubo masa da jin Rif'at yana karanta Suratu Maryam, to yana cin albarkacin mai tarawa ne. Sai dai ku lura, fayafayan nan sun amfane mu ne saboda daga baya sun fito daga akwati sun isa gidan rediyo. Da magada sun rufe su suna jiran kuɗinsu ya hau, da ba mu san muryar ba.

Ga kuma misali na biyu, wanda shi ne kishiyar bugun ƴan kaɗan. A 1961 Shaihu Mahmud Khalil al-Husari ya kammala ɗaukar Alƙur'ani sukutum a faifai da ruwayar Hafsu, bisa shawarar Labib as-Sa'id, kuma shi ne na farko da aka yi haka. A 1964 ya yi na ruwayar Warshu, wadda ita ce muka tashi da ita a allunanmu. Niyyar aikin tun farko ita ce ya yaɗu, ya kai inda babu ƙwararren malamin tajwidi. Daga faifai ya koma kaset, daga kaset ya koma waya, kuma darajarsa ba ta ragu da ƙwayar zarra ba don ya yi yawa. Wannan shi ne ma'aunin da muke auna masu tarawa da shi: abin da ka tara, idan kowa ya samu irinsa, za ka yi murna ko za ka ji an yi maka asara? Mai murna shi ne mai adanawa. Mai jin asara kuwa, ba abin yake so ba, rashin da wasu suka yi yake so.

Saura maganar shago, kuma nan ne muka ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta. Masu sukar ranar nan sun yi gaskiya a abu ɗaya: cinikin rana guda ba ya biyan hayar wata goma sha biyu. Abin da ke riƙe ƙaramin shago shi ne mutumin da ke leƙowa ranar Talata ba tare da wani buki ba, ya sayi abu na kuɗi kaɗan, ya yi hira. Kuma abin da mai shago ke da shi wanda intanet ba ta da shi, shi ne sani. Ya san kayansa, ya san kai wane ne, ya san abin da ya dace da kai.

Yanzu ku dubi ƙofar masallacinmu. Dattijon da ke shimfiɗa littattafai a tabarma ya san wane bugun Risala ne ba shi da kurakurai, wane Ahalari ne ke da wasali don mai farawa, wace Iziyya ce takardarta ba ta yagewa. Yakan ba almajiri bashi har ƙarshen wata. Mu kuwa yaushe muke tunawa da shi? Daren azumi, mu taru a kansa kamar masu layin Afrilu, mu sayi Alƙur'ani mai ruwan zinari, daga nan sai baɗi. Sauran watanni kowa ya sauke littafi a waya, wanda sau da yawa ba a san wa ya buga shi ba, ba a san shafi nawa ya faɗi ba. Ba mu hana karatu a waya, mu ma muna yi. Amma ranar da tabarmar nan ta naɗe, sanin da ke kan mai ita ya tafi tare da shi. Akwai kuma masu jera manyan mujalladai a falo, ledarsu ma ba a ɓare ba. Da me suka fi mai faifai ba garmaho?

Haka kaset-kaset na tafsiri da karatun malamanmu na gari, waɗanda aka ɗauka da ƙaramar rikoda shekaru talatin ko arba'in da suka wuce. Suna nan cikin akwatunan gidaje, zafi da ƙura suna cin zarensu. Wasu malaman sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu wani kwafi a duniya sai wannan. Ga ƙarancin gaske, wanda ba kamfani ya ƙera ba. Mun san gidan da aka nemi aron irin wannan kaset don a kwafa, mai shi ya ce a'a, wai shi kaɗai ke da shi. Allah ya shirye mu. Shin sai wani ya taso daga Portland ya nuna mana darajar abin da ke ƙarƙashin gadonmu?

Hukuncinmu dai a taƙaice: ranar shagunan faifai niyya ce mai kyau da kwaɗayi ya shiga cikinta. Masu kare ta sun yi daidai da suka ce shagon unguwa ya cancanci a tsaya masa, masu sukarta sun yi daidai da suka ce ba da ƙirƙirarren ƙaranci ake tsaya masa ba. Mu kuma abin da ya rage mana guda biyu ne. Kowane ɗalibi da ya samu hali, littafin da zai fara na gaba ya saye shi a hannun mai tabarma, ko da ya ɗara da ɗari biyu. Duk wanda ke da tsohon kaset na karatun wani malami, ya kawo shi bayan sallar Juma'a, matasanmu masu kwamfuta su juye shi, a mayar masa da abinsa, a ba kowa ya ji.

Allah ya sa mu dace, ya jiƙan malamanmu.