Gunkin Nataraja Tsakanin Maƙeri da Mai Sharhi: Nazari a kan Fassarar Coomaraswamy

Gabatarwa

Daga cikin gumakan tagulla da mabiya addinin Hindu ke ƙerawa, babu wanda ya kai Nataraja shahara a wajen Indiya, wato siffar abin bautarsu Shiva yana rawa a cikin da'irar wuta. Siffar ta kankama ne a ƙarni na 10, zamanin daular Chola, a yankin Tamil Nadu na kudancin Indiya. Akasarin abin da ɗalibanmu ke karantawa a kanta ya samo asali daga maƙalar Ananda Coomaraswamy da ta fito a littafinsa The Dance of Shiva a 1918. Manufar wannan nazari ita ce auna fassararsa da ma'aunin abin da maƙeran gunkin da masu bautarsa suke aikatawa.

Abin da Coomaraswamy ya gani

A wurinsa, kowace gaɓa ta gunkin ishara ce zuwa ga ɗaya daga ayyuka biyar da suke jingina wa Shiva. Ƙaramar gangar da ke hannun dama na sama tana nufin halitta, tafin da ya buɗe yana nufin kiyayewa, wutar da ke hannun hagu tana nufin rusawa. Ƙafar da ta taka wadan nan, alamar jahilci, tana nufin lulluɓe gaskiya, ƙafar da aka ɗaga kuma tana nufin kuɓutarwa. Dole a yi masa adalci: ya dogara da nassoshin Tamil, kuma ya fitar da gunkin daga rainin da wasu Turawan zamaninsa ke yi wa fasahar Indiya.

Sai dai fassarar tana da rauni biyu. Na farko na tarihi ne. Padma Kaimal ta nuna a 1999 cewa nassoshin da ya kafa hujja da su sun zo ne bayan gumakan farko da ƙarnuka, don haka ba su isa shaida a kan abin da mutanen ƙarni na 10 suka nufa ba. Na biyu, wanda ya fi shafar mu, shi ne ya mai da gunkin tamkar littafin falsafa da ake karantawa da ido, alhali masu shi ba don karatu suka ƙera shi ba.

Abin da maƙera ke yi

Har yau a garin Swamimalai, a gaɓar kogin Kaveri, iyalan maƙera da ake kira sthapati suna zubi ta hanyar da suka gada. Sukan fara sassaƙa siffar da kakin zuma haɗe da ƙaro, bisa awon da littattafan Shilpa Shastra suka ƙayyade. Daga nan su lulluɓe ta da lakar kogi, su gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, su ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. Idan ya huce sai a fasa lakar, saboda haka kowane gunki tilo ne. Asalin dabarar ɗaya ne da na zubin Ife da Benin.

Hujja tana cikin abin da ke biyo baya. Idanu ne ake kammalawa a ƙarshe, a wani biki na buɗe ido, sannan limamansu su yi abin da suke kira prana pratishtha, wanda a aƙidarsu yake saukar da abin bautar cikin ƙarfen. Daga ranar ana yi masa wanka, ana tufatar da shi, ana miƙa masa abinci. Ramuka da zobban da ke gindinsa kuwa an yi su ne domin ɗaure shi idan za a zaga gari da shi. Mai bauta ba ya ma ganin tagullar tsirara kamar yadda take a gidajen tarihi, domin alharini da furanni sun rufe ta. Ko a shari'ar Nataraja na ƙauyen Pathur, wanda aka yi fasa-ƙwaurinsa zuwa Landan, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yarda a 1991 cewa wurin bautar da kansa yana da haƙƙin neman kayansa.

Darasi daga al-Biruni

Abu Raihan al-Biruni, a littafinsa Tahƙiƙu ma lil-Hind da ya kammala wajen 1030, ya riga Coomaraswamy lura da cewa masana Hindu suna karkata ga ma'ana, talakawa kuma ga abin da ido ke gani. Amma bai tsaya ga masana kaɗai ba. Ya kawo ƙa'idojin sassaƙa gumaka daga littafin Varahamihira, ya kuma bayyana yadda jama'a ke girmama su. Nan ya fi Coomaraswamy cikar manhaji, domin ya haɗa zancen malamai da aikin mabiya.

Kammalawa

Hukuncin Musulunci a kan bautar gunki ba ɓoyayye ba ne, kuma kiransa alama ko tsani bai canza shi, tun da aya ta 3 a Suratuz Zumar ta riga ta warware uzurin neman kusanci ta hanyar wasu. Haka nan aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da wasu ke bautawa. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu aikin ɗalibin nazarin addinai yake: ya siffanta abu yadda masu shi suka ɗauke shi, sannan ya yi hukunci da ilimi, kamar yadda malaman usulu suka gindaya fahimtar abu kafin hukunta shi. Wanda ya tsaya ga Coomaraswamy kaɗai zai je ya tattauna da mai bauta a kan falsafar da wataƙila mai bautar bai taɓa ji ba. Wallahu a'alam.